Kaftin Ba Lasisi

Duk wanda ke cin abinci da ɗaukar bidiyon biki a Kano ya san tambayar. Kafin a yi maganar kuɗi, kafin ma a faɗi rana, Hajiya uwar amarya za ta gyara zaman mayafinta ta ce, “To Malam, kuna da jirgi ko?” Jirgin da take nufi shi ne ɗan ƙaramin nan maras matuƙi, mai farfela huɗu da kyamara a ƙirji, wanda samari ke kira diron. Ta ga bikin ’yar ƙawarta a Instagram, an nuno motocin ango daga sama suna tafe a jere, an nuno rumfuna da ’yan anko launi-launi, ita ma ba za a bar ’yarta a baya ba. Idan ka ce ba ka da shi, sai ta ce, “To Allah ya sa alheri, za mu kira ka.” Kai ma ka san an rufe magana.

Na daɗe a sana’ar nan, tun zamanin kaset. Yaran da na koya wa riƙon kyamara, waɗanda da can aikinsu ɗaukar mini waya da fitila, su ne suka dawo suna ƙwace mini bukukuwa, don kawai suna da abin da ke tashi sama. Abin ya tsaya mini a rai. Ana cikin haka kwasar adashin uwargidata ta zo. Ita niyyarta firiza, ta riƙa sayar da ƙanƙara da zoɓo lokacin zafi. Na zauna na yi mata lissafi irin na wanda ya riga ya yanke shawara: firiza sai da wuta, wuta kuwa kin san halinta, jirgi batir ne, kafin Sallah ya mayar da kuɗinsa har ya saya miki firiza babba. Ta dube ni ta ce, “Malam, ka iya tuƙa shi?” Na ce mutumin da ya yi shekaru yana tuƙa babur a cunkoson Kantin Kwari ba za a tsorata shi da sararin sama ba, inda babu ko ɗan adaidaita ɗaya. Ta miƙo kuɗin ba ta ce komai ba. Yau ne nake fahimtar wannan shirun.

A wani shago na sama a kasuwar waya na saye shi, na hannu, a wurin wani saurayi mai abin saurare a kunne ɗaya. Da na tambayi maganar takardu sai ya yi dariya, ya juya cikin jirgin ya nuna mini rubutu. “Oga, duba nan. Giram 249. Ko a Amurka ba a yi wa wannan rajista.” Kuma akwai ƙanshin gaskiya a maganarsa. Tun watan Disambar 2015 hukumar jiragen saman Amurka ta wajabta rajistar duk jirgin da ya kai giram 250, shi ya sa kamfanin DJI na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, wanda ya fi kowa sayar da irin waɗannan jirage a duniya, ya fito da wani a 2019 da ya gaza ma’aunin da giram ɗaya tak. Abin da saurayin bai faɗa ba shi ne, ko a can ɗin rangwamen na mai wasa ne don nishaɗi. Wanda zai nemi kuɗi da shi sai ya yi rajista, kuma tun watan Agustan 2016 sai ya zauna jarrabawa ya ci. Ni kuma abin da ban tambayi kaina ba shi ne, tun yaushe dokar Amurka ta fara aiki a Ƙofar Mazugal. Na karɓi rasit, na ninke shi da kyau na sa a aljihun gaba. A raina wannan ita ce takarda.

Tashin farko a tsakar gida aka yi shi. Manhajar da ke waya ta ce sai an saita kamfas, ta nuna hoton yadda ake yi: ka riƙe jirgin a kwance ka juya da shi zagaye guda, sannan ka karkata shi ka sake juyawa. Na juya, ta ce bai yi ba. Ashe rodin da ke cikin siminti ne ke rikita shi, ni ban sani ba, sai na ci gaba da juyawa, hannu biyu a miƙe, ido a kan waya. Gwaggona da ta zo mana kwana biyu ta fito daga ɗaki da buta ta tarar da ni a haka. Ta ajiye butar a hankali, ta fara ta’awizi, ta ce wa uwargida, “Tun yaushe abin ya same shi?”

Da ƙyar ya yarda ya tashi. Ya ɗaga kamar kamu uku, ya tsaya yana ƙugi, iskarsa ta watsa garin da aka shanya a tabarma. Tsakanin katangu bai samu taurarin ɗan’adam da za su riƙe shi wuri ɗaya ba, sai ya fara sulalewa gefe da kansa, ya nufi igiyar shanya. Na tura sandar rimot don in dawo da shi, na manta fuskarsa ni take kallo, damansa haguna ne. Ya ƙara gudu ya shige cikin mayafin anko na uwargida, sabo, ko sawa ba a yi ba. Sai na yi abin da littafin jirgin ya hana da manyan baƙaƙe, na kai hannu na cafke shi. Mai kemis ɗin unguwa da ya naɗe mini yatsu ya tambayi abin da ya yanke ni, na ce jirgin sama. Kafin magariba labari ya zaga. Washegari da na fito, yaran layi suka jeru suka sara mini: “Kaftin!”

Da yatsu suka warke na koma filin ƙwallon makarantar firamare, bayan la’asar. Nan kam ya nuna mini abin da na saya. Ya haura, wayar ta cika da Kano irin wadda ban taɓa gani ba duk da a cikinta aka haife ni: Dala ga ta can, Goron Dutse a gefe, hasumiyoyin masallatai, rufin kwano sabo da tsoho har iya ganin ido, hayaƙin girkin dare ya fara tashi. Har na fara hango kaina ranar Hawan Daushe, dawakai a ƙasa, ni a sama. Cikin wannan shauƙi yatsana ya taɓa wani ɗan gare-gare a bayan rimot, kyamarar ta sunkuya ta kalli ƙasa tsaye. Na nemi yadda zan ɗago ta na rasa.

Bahaushe ya ɓata ɗaruruwan shekaru yana gina gidansa yadda idon baƙo ba zai shiga ba. Ga zaure, ga wani zauren a bayansa da ƙofa a karkace don kada mai tsayuwa a waje ya hango ciki, ga katanga da ta fi tsawon mutum, ga “ba shiga” da gawayi ko fenti a bakin ƙofa. Duk wannan tsari ta gefe ya tsare. Sama a buɗe aka bar ta, don ba a taɓa tsammanin wani zai zo ta nan ba in ban da ruwa da rana. A tsakar gida mace ke ajiye mayafi, ta ɗaura zani a ƙirji, ta yi daka, ta yi wanki, a yi mata kitso. Gidaje da yawa a cikin gari makewayinsu ma ba rufi. Shi ya sa har gobe idan magini zai hau soro ko mai gyaran kwano zai hau rufi, sai an tura yaro gidajen maƙwabta ya sanar za a hau sama, mata su kimtsa. Na san wannan al’ada sarai, ni kaina an sha aikena ina yaro. Ban dai taɓa kawo wa raina cewa mutum zai iya hawa sama alhali ƙafafunsa na filin ƙwallo ba.

Abin da ya bayyana a wayata tsakar gida ce. Turmi, akuya a ɗaure, kuɓewa a shanye, wata baiwar Allah a kan kujera ’yar tsugunno an tsefe mata rabin kai. Ta ɗaga ido. Ta nuna da yatsa. Ihun da ta yi ban ji shi ta waya ba, don kyamarar ba ta ɗaukar sauti, ta iska ya iso ni. Na rikice na tura sanda, jirgin ya wuce gida na gaba, daga nan na gaba da shi, ina bin layin gida-gida ina tayar da mata tsaye. Yaran da suka biyo ni kallo kuwa, abin nema ya samu, matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo. Kowa ya zaro danƙo daga aljihu. Allah ya taimake ni ba su iya saiti ba, amma duwatsun da suka harba sai da suka sauka, kuma a kan kwanon mutane suka sauka.

Bayan sallar isha’i aka aiko mai unguwa na kira.

Na tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa. Ga liman, ga dattawan layi, ga wani Alhaji maƙwabcinmu da ko gaisuwata bai amsa ba. Na cire takalmi na durƙusa. “Ranka ya daɗe, ga ni.”

Mai unguwa ya ce, “Alhaji, maimaita abin da ka faɗa.”

Alhaji ya gyara babbar riga. “Ranka ya daɗe, shekara talatin ina cikin gidan nan. Da maƙwabcina ya yi bene, sai da na ƙara wa katangata bulo layi huɗu. Ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, bai taɓa wuce zaure na biyu ba. Yau ina kasuwa aka kira ni, wai wannan bawan Allah ya aiko ido ta sama.”

Na ce, “Alhaji, wallahi Dala na je ɗauka.”

Ya ce, “Dala a tsakar gidana take?”

Liman ya yi gyaran murya, ya kawo maganar neman izini kafin shiga gida, ya kuma tuna mana hadisin da ya yi magana a kan wanda ya leƙa gidan mutane ba izini, da abin da zai iya samun idonsa ba tare da an biya shi diyya ba. Ban san lokacin da hannuna ya kai kan fuskata ba. Wani dattijo daga baya, mai son a yi komai a kan ilimi, ya tambaya, “Allah gafarta malam, a wannan mas’ala idon wa ake nufi, na jirgin ko na mai jirgin?” Liman ya ce sai ya duba.

Aka yanke a goge abin da aka ɗauka a gaban kowa. Na ce na yarda. Alhaji ya ce bai yarda da gogewar da bai gani ba, sai an tabbatar me ke ciki. Mai unguwa ya ce to a kunna. Alhaji ya zabura ya ce ba namijin da zai kalli iyalinsa. Aka ce to shi ya kalla shi kaɗai. Wani maƙwabcin ya ce ina, ai nasa gidan ma yana ciki. Aka yi shiru. Na sha zama a wurin sulhu, na rikicin gado da na iyakar fili, ban taɓa ganin dattawa sun rasa mafita irin ta wannan dare ba. Daga ƙarshe mai shayin bakin layi, wanda ba wanda ya gayyace shi, ya ce a ba shi memorin. Ya ɗora shi a kan dutse ya sa ƙotar wuƙar yankan burodi ya farfasa, ya watsa a garwashi. Kowa ya ce madalla. Ni kaɗai na san a kyamarar aikina na ciro wannan memori, kuma walimar saukar karatun ’yar wani bawan Allah na ciki, ban kwafe ba. Yadda muka ƙare da shi labari ne na wata rana.

Hukuncin mai unguwa gajere ne. “Malam, ba mu hana ka sana’arka ba. Amma duk ranar da za ka tayar da abin nan a ƙasata, ka tura yaro ya sanar, yadda magina ke yi.” Yara suka karɓi wannan aiki hannu bibbiyu, ba lada ba la’ada. Ko masallaci na nufa, sai in ji sun ruga gaba suna shela a ƙofofin gidaje: “A yi sutura, Kaftin zai tashi!”

Wani ƙanena da ke karatun lauya shi ya zo yi mini jaje, ya ƙara mini da abin da ya fi jajen nauyi. Ya ce, “Yaya, ka gode wa Allah mai unguwa ne ya kira ka.” Ya buɗe waya ya karanto mini. Tun watan Mayun 2016 hukumar NCAA mai kula da sufurin jiragen sama ta sanar da haramta tayar da jirgi maras matuƙi a sararin Najeriya sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Ƙa’idojin da aka fitar a lokacin sun ce mai nema ya kasance kamfani mai rajista da jarin hannun jari na aƙalla naira miliyan 20, ya biya naira 500,000 kuɗin duba takardu waɗanda ba a mayarwa ko an ba shi ko an hana shi, sannan naira 100,000 duk shekara. Ya miƙa takardunsa wata shida kafin ranar da yake son fara aiki, jami’an tsaro su binciki masu kamfanin. Shigo da jirgin ƙasar ma sai da takardar shaida daga ofishin tsaron, mai nuna wane ne zai yi amfani da shi. A 2023 da aka sabunta dokokin sufurin sama, an ware wa irin waɗannan jirage babi nasu, na 21. Ga kuma ƙa’idojin da kusan duk duniya ta haɗu a kansu: kada ka wuce ƙafa 400, wato kimanin mita 120, kada jirgin ya ɓace wa idonka, kada ka bi ta kan taron jama’a, kada ka kusanci filin jirgi. Na ce masa ai taron jama’a shi ne biki. Ya ce shi dai karatu yake yi mini.

Na lissafa jarina a zuci: kyamara biyu, ɗaya na ciwo, ƙafar kyamara, fitila, ƙaramin janareto. Ko na haɗa da babur da ni kaina ba mu kama hanyar miliyan 20 ba. A ganina an yanka wannan riga ne daidai jikin kamfanonin da ke duba bututun mai da masu safiyon ƙasa, da irin su Zipline da ke kai jini da allurar rigakafi asibitocin karkara a jihar Kaduna tun 2022. Mai ɗaukar biki ba a tuna da shi ba, ga shi kuma ana sayar da jiragen a fili a kasuwa, ba mai tambayar kowa komai. Inda aka yi ƙofa guda ɗaya, ita ma ta masu miliyoyi, ba abin mamaki ba ne a ga mutane na bi ta taga.

Amma dalilin dokar ban isa in musa shi ba. A watan Disambar 2018 rahoton ganin irin wannan jirgi ya sa aka rufe filin jirgin Gatwik na Landan, jirage kusan 1,000 suka rasa tashi ko sauka, fasinja kimanin 140,000 suka yi cirko-cirko ana dab da Kirsimeti, kuma har yau ba a hukunta kowa a kai ba. Filin jirgin Malam Aminu Kano kuwa gari ya riga ya zagaye shi, mutanen Kurna da Birget sun san jirgi da cikinsa, ba da gefensa ba. Garin da jirgi ya fara sauka a cikinsa tun 1925 bai kamata a ce wani mai rasit a aljihu ne ya jawo masa abin faɗa ba. A Arewa maso Gabas kuma, a watan Janairun 2025 sojoji suka hana tayar da su ba izini a Borno da Yobe da Adamawa, bayan ’yan ta’adda sun fara amfani da irin na kasuwa.

Akwai kuma wani biki da na je a wani ƙauye ta hanyar Kaduna. Na buɗe jaka na fara warware farfela, sai wani tsoho ya dafa hannuna ya ce, “Ɗana, mayar da shi.” Na fara yi masa bayanin hoto kawai yake ɗauka. Ya ce ya sani, amma matan da ke cikin rumfar nan in suka ji ƙugi a sama ba za su tsaya tambaya ba. Ba a daɗe ba da abin da ya faru a Tudun Biri ranar 3 ga Disambar 2023, inda jirgin soja maras matuƙi ya saki bam a kan masu Mauludi, mutum aƙalla 85 suka rasu. Na mayar da shi jaka na zuge. Ranar ban yi gardama ba.

Mai hankali da ya ji duk wannan sai ya sayar da jirgi ya sayo firiza. Ni kuwa sai ga wani babban biki ya faɗo, ɗan wani attajiri, an biya rabin kuɗi tun kafin rana, kuma sharaɗin farko a ɗauki jerin motocin ango daga sama bayan ɗaurin aure. Na ce wannan kaɗai, daga shi na tuba.

Ɗakin taron bai da nisa da filin jirgi. Na shimfiɗa kaya a gaban abokan ango, sun kewaye ni da shaddodinsu suna ɗaukata a waya. Na kunna, taswirar manhaja ta yi ja, ta ce nan ba wurin tashi ba ne. Na danna, farfela ko motsi. Wani daga cikinsu ya ce, “Oga, ko a tura ne?” Jirgin da na saya da kuɗin adashi ya san doka, ni mai shi ina neman hanyar kauce mata. Na tari ɗan adaidaita na ce ya bi hanyar da motocin za su bi, idona a kan taswira, har jan ya ƙare. Nan na hango wani fili shimfiɗeɗe a gefen wata doguwar katanga mai sabon fenti. Ba mai shayi, ba mai faci, ba teburin mai cajin waya, ko almajiri ɗaya babu a inuwar. Duk ɗan Kano ya san fili irin wannan ba ya zama haka kawai, akwai dalilin da ya sa aka bar shi. Ni murna na yi na samu wurin da ba yara.

Rana ta hana ni ganin fuskar waya, sai na cire hula na yi mata inuwa da ita. Jirgi ya tashi lafiya. Ina jiran motoci sai hoton ya girgiza, wani abu mai duhu ya gilma. Shirwa ce. Lokacin rani ne, sun cika gari, wannan kuma ta ɗauki abin a matsayin raini. Ta haura sama ta dawo ta kai masa bugu, ta sake haurawa. ’Yan sandan ƙasar Holan sun taɓa kashe kuɗi a 2016 suna horar da gaggafa ta riƙa kamo irin waɗannan jirage, bayan shekara guda suka watsar da shirin saboda tsada da taurin kan tsuntsayen. Da sun zo Kano da sun samu ma’aikata kyauta. Ina kokawa da sanduna, rimot ya fara kuka batir ya yi ƙasa, don zafin rana da iska sun cinye rabin abin da aka rubuta a kwali. Can na hango motocin ango sun taho sun wuce, ɗaya bayan ɗaya, jirgina na can yana gudun ceton rai.

Sai na ji hannu a kafaɗata. Mutum biyu ne, ba kaki a jikinsu, amma tsayuwarsu ta isa bayani.

“Malam, sauko da shi.”

“Yallaɓai, ni ma roƙon da nake yi masa ke nan.”

Irin waɗannan jirage idan batir ya kusa ƙarewa sukan koma da kansu inda suka tashi. Haka ya yi. Ya baro shirwa, ya zo saitin kanmu, ya sauko a natse ya dire dab da takalmin babban cikinsu, ya kashe farfela. Tun da na saye shi bai taɓa yi mini saukar da ta kai wannan kyau ba.

A wani ɗaki mai benci da fanka aka zaunar da ni. Ba wanda ya zage ni, har ruwa aka ba ni. Babban ya ce, “Ina takardar izininka?” Na zaro rasit daga aljihun gaba na miƙa da hannu biyu. Ya karanta har ƙasa, har inda aka rubuta kaya in sun fita ba a dawowa da su, ya miƙa wa na kusa da shi, shi ma ya karanta. “Ta ofishin tsaro fa?” Na miƙa katin ƙungiyar masu ɗaukar hoto. Ya tambaye ni ko na san katangar mene ce na tsaya a gefenta. Na ce a’a. Ya gaya mini. Na nemi ƙarin ruwa.

Suka sa memorin a kwamfuta, ni ma aka ce in matso. Ashe tun tashin farko kyamarar ƙasa take kallo, cutar nan dai ta filin ƙwallo. Abin da ya fito wani mutum ne tsaye shi kaɗai a fili, riƙe da hula, a tsakiyar kansa wata da’ira fayau tana ƙyalli kamar an goge faranti. Na ɗan jima kafin in gane mutumin. Shekaru ina aski, wanzami bai faɗa mini ba, uwargida ba ta faɗa mini ba, madubi kuma gaba kawai yake nunawa. Sai da na kashe kuɗin firiza na hau sama sannan na san ina da sanƙo. Bayan wannan sai hoto ya hautsine: sama, ƙasa, fiffike, sama, wata akuya, fiffike. Katangar da ake magana ko sau ɗaya ba ta fito ba. Motar ango ma haka.

Babban ya kalla har ƙarshe, ya jingina da kujera ya ce wa abokin aikinsa, “Wannan ba ɗan leƙen asiri ba ne. Wannan bai iya ba ne.” A rayuwata ba a taɓa yi mini shaidar da ta yi mini daɗi kuma ta ƙona mini rai lokaci guda irin wannan ba.

Aka ce in kira wanda zai tsaya mini. Na rasa wanda zan kira sai mai unguwa. Ya iso bayan la’asar, ya leƙo ɗakin ya gan ni a benci, hula a gwiwa. Ya ce, “Kaftin, nan ma ba ka tura yaro ba?” Na rubuta takardar alkawari na sa hannu, shi ma ya sa. Suka ba ni jaka da rimot da caja, suka ce jirgin yana nan a ajiye, duk ranar da na kawo takardun izini in zo in ɗauka, kuma sun yi gaskiya. Kuɗin ango na mayar har da ban haƙuri. Rimot ɗin yanzu ƙaramar ’yata ke wasa da shi, tana tuƙa kaji a tsakar gida. Uwargida ba ta taɓa cewa “ai na faɗa maka” ba. Duk ranar da aka yi zafi dai takan aiki yaro gidan maƙwabta ya sayo ƙanƙara, ta ce ya biyo ta gabana da ita.

Yanzu idan Hajiya ta tambaya ko muna da jirgi, nakan ce akwai wani kamfani mai takardu da muke haɗa aiki da shi, kuɗinsa daban, kuma in gidan bikin na kusa da filin jirgi ko bariki, ko nawa za ta biya ba za a tashi ba. Ranar aiki yaronsu ke tuƙi, ni nake riƙe masa batir ina duba shirwa. Bikin da kuɗinsa bai kai nan ba kuwa, hoton sama da tsani nake yin sa, bayan an tura yaro ya sanar da maƙwabta. Saboda haka in kun je biki kuka hango wani a kan tankin ruwa da kyamara a kafaɗa, hula ja har kunne, ni ne. Don Allah a riƙe mini tsanin.